Ingilishi ga manya: wane littafi za a miƙa musu?

Tun ranar 26 ga watan Maris na 2025 da aka sa hannu a kan kundin sake gina ƙasa, Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, Ingilishi da Faransanci kuma suka zama harsunan aiki. An sha muhawara a kan rabin farko na wannan magana, a gidajen rediyo da fadodin shan shayi, har wasu suka ɗauke ta da zafi. Rabi na biyu kuwa, wato ɗaukaka Ingilishi zuwa sahu ɗaya da Faransanci, ya wuce kusan shiru, sai ka ce bai shafi kowa ba in ban da ƴan lise da ƴan jami'a. Filinmu na wannan sati zai tsaya a kan wannan rabin da aka tsallake, da kuma mutanen da ba a cika tunawa da su ba in ana zancen harsunan Turawa, wato manya da matasa masu neman ilimi a wajen lakwal: ƴan ajin yaƙi da jahilci, da masu karatun dare, da yaran gareji, da almajiran da suka sauke allo, da waɗanda talauci ko aure ya fitar daga aji tun ba su kai ga sartifika ba. Su ne mafi yawan ƴan ƙasa, tun da har yanzu manyan da suka iya karatu da rubutu ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba. In sun ce suna son Ingilishi, me za mu ba su su karanta?

Wani zai ce, mutumin da bai gama da baƙaƙen Hausa ba, ina shi ina Ingilishi? Amsa tana kan iyaka. Tsakaninmu da Nijeriya akwai iyaka mai tsawon kilomita wajen 1500, kuma galibin jama'armu a gefenta suke zaune. Daga Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Mutumin Ƙwanni yana iya cin kasuwar Illela ya dawo gida ya yi azahar. Na Damagaram da Magarya da Matamai fuskarsu tana duban Daura da Kano tun zamanin ayarin fatake. Wakenmu da ayarmu da bisashenmu suna sauka Dawanau da Maigatari, albasar Galmi kuma tana kaiwa har Kumasi da Ankara ta Gana. Ciniki da baki, Hausa ta wadatar da shi a duk waɗannan wurare. Amma da zarar magana ta hau takarda, sai ta koma Ingilishi: rasit, da takardar kwastan, da takardar banki, da katin asibiti, da allon kan hanya. An rufe iyakar daga Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 har zuwa Maris na 2024, Nijar kuma ta fita daga CEDEAO a Janairu na 2025. Duk wannan bai raba hanta da jini ba. Abin da ya ƙaru shi ne yawan takardun da ake tambayar matafiyi, da yawan masu cin abinci da rashin saninsa.

Ko wanda bai taɓa ƙetare iyaka ba, Ingilishi ya same shi har ɗaka. Ku ɗauki kwalin magani daga teburin mai talla, ko kwalbar maganin ƙwari da manomi ya saya ranar kasuwa, ko buhun taki, ko ledar kayan gyaran babur, ko wayar hannu sabuwa a kwalinta. Mafi yawansu daga Nijeriya da Indiya da Sin suke zuwa, kuma da Ingilishi suke magana. A jikin kwalbar maganin feshi an rubuta yawan abin da za a zuba cikin ruwa, da kwanakin da za a jira kafin a tsinke ganye ko tumatir, da abin da za a yi in ya shiga ido ko yaro ya haɗiye shi. A jikin kwalin magani akwai haruffa uku, EXP, da ke gaban ranar da ya daina aiki, akwai kuma lambar hukumar NAFDAC ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1993. Tun 2010 wasu magunguna suna zuwa da wurin kankarewa, a aika lambar da ke ƙasa ta waya don a san na gaskiya ne ko jabu, amma bayanin yadda ake yi da Ingilishi yake. Manomin da ya zuba piya-piya a buhun wake don kada ya yi ƙwari, da uwar da ta ba jinjiri ƙwayar da aka yi don babba, ba mugunta ta sa su ba. An rubuta gargaɗin, sai dai an rubuta shi da harshen da ba a koya musu ba. Ke nan maganar da muke yi ta wuce ta kwalliyar ilimi, magana ce ta dukiya da lafiya, wani lokaci ma ta rai.

To, mu dubi abin da ke hannu. A tsarin makarantunmu, Ingilishi yana farawa ne daga ajin farko na kwaleji. Duk littattafan da aka tanada, har da wanda aka rubuta musamman don ƴaƴan Sahel, an tsara su ne don yaro ɗan shekara 12 ko 13 wanda ya riga ya yi shekara shida yana karatun Faransanci, yana da malami a gabansa sau da yawa a sati, yana kuma da jarrabawar birebe a gabansa. Amirkawa ƴan sa-kai na Peace Corps, waɗanda rukuninsu na farko ya iso a 1962 don koyar da Ingilishi, su ma a kwalejoji da lise suka yi wannan aikin, kuma sun bar ƙasar tun Janairu na 2011. Cibiyoyin koyon harshe masu kuɗi suna Yamai da manyan birane, kuma na ma'aikata ne da ɗalibai. Saboda haka in wani mai kishi ya buɗe ajin dare a unguwa, ko wata ƙungiya ta ƙara awa guda ta Ingilishi a cibiyar koyon sana'a, ba abin da malami zai samu sai tsohon littafin kwaleji da aka kwafa har baƙaƙensa suka dushe, ko kwalin littattafan sadaka da aka aiko daga Turai ko Amirka.

Kowane daga cikin biyun nan yana da aibinsa. Littafin kwaleji yana ɗauka cewa mai karatu ya san Faransanci, don haka in ya zo bayani sai ya jingina da shi. Babban mutum da bai yi lakwal ba, an ɗora masa kaya biyu ke nan, sai ya hau Faransanci kafin ya leƙa Ingilishi, kamar wanda zai je Katsina daga Maraɗi aka ce sai ya bi ta Yamai. Bugu da ƙari, zancen da ke ciki na yara ne: jakar makaranta, da hutun ƙarshen shekara, da sunan ɗan ajinmu. Magidanci mai mata da ƴaƴa, wanda ya wuni yana lissafin buhuna a ka ba kuskure, in aka zaunar da shi yana maimaita irin wannan a gaban yaran shagonsa, sati biyu ya isa ya daina zuwa, a ce ba ya son ilimi, alhali kuwa mutuncinsa yake karewa. Littattafan sadaka kuma, Allah ya saka wa masu bayarwa, amma labarin dusar ƙanƙara da jirgin ƙarƙashin ƙasa ba ya buɗe wa direban Tawa takardar da jami'in kan hanya ya miƙa masa. Su kan ƙare a kabad, ƙura da gara su gaje su.

Abin mamaki shi ne darasin da ake bukata a nan mun riga mun koye shi da kanmu. Da aka soma yaƙi da jahilci a Nijar a farkon shekarun 1960, ba a daɗe ba aka gane abu biyu. Na farko, babba ya fi saurin kama karatu da harshen da ya sha a nono. Na biyu, karatun da ba a samu abin karantawa bayansa ba, gushewa yake yi kamar ruwan da aka zuba a rairayi. Wannan ne ya haifi jaridun karkara irin su Ganga, da Sabon Ra'ayi ta Madawa, da Muryar Damagaram, waɗanda ke zancen farashin gujiya da auduga, da awon sikeli, da kiwon lafiya, wato abin da ya dami manomi. Wannan tunani ne kuma ya kai ga buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, kuma dokar tsarin ilimi ta 1998 ta amince da ilimin da ake bayarwa a wajen lakwal a matsayin reshe na ilimin ƙasa. A ƙetaren iyaka ma haka aka yi: Gaskiya Ta Fi Kwabo ta soma fita a Zariya a 1939, hukumar NORLA ta cika Arewa da ƙananan littattafai masu araha a shekarun 1950, jihar Kano kuma ta kafa hukumar ilimin manya a 1980. Abin da ya yi wa Hausa amfani jiya, ba dalilin da zai hana shi yi wa Ingilishi yau.

Sharaɗi na farko ke nan: littafin Ingilishi na manya ya taso daga Hausa kai tsaye, ba tare da ratse ba. Kuma gadar a gine take. Bahaushe yana furta ɗaruruwan kalmomin Ingilishi kullum bai sani ba: mota, direba, taya, burki, makaniki, banki, rasit, tebur, fensir, asibiti, likita. Darasin farko da zai jera wa mai koyo irin waɗannan, ya nuna masa yadda masu harshen suke rubuta su, zai sa ya fita daga aji yana jin ashe ba baƙo ba ne a gidan. Da yawa daga cikin fatakenmu ma sun iya buroka ta tasha da kasuwa, abin da ya rage musu shi ne su gane a takarda abin da kunnensu ya riga ya sani. Sai dai dole littafin ya faɗa masa gaskiya tun da wuri a kan wata matsala. Rubutun Hausa na boko, yadda ka ji haka za ka rubuta, kowane wasali da muryarsa guda. Ingilishi ba haka yake ba: harafi ɗaya yana iya ɗaukar murya uku ko huɗu, wani kuma a rubuta shi a ƙi furta shi. Wanda ba a gargaɗe shi ba zai zaci kansa ne ya toshe. Don haka kowace sabuwar kalma tana bukatar a rubuta lafazinta a gefe da baƙaƙen Hausa, kuma a wurin waɗanda suka fito daga makarantar allo, a rubuta shi da ajami, domin su ba jahilai ba ne, masu karatu ne da wani alƙalami.

Sharaɗi na biyu, abin karantawar ya fito daga takardun da mutum yake karo da su a sana'arsa. Ba littafi ɗaya mai kauri ake so ba, ƙanana ake so, kowanne shafi 20 ko 30, da manyan baƙaƙe da za a iya gani da fitilar waya. Ɗaya na direba da ɗan kamasho, mai allunan hanya da takardun mota da na kaya. Ɗaya na manomi da mai lambu, mai hoton kwalaben feshi na gaske, da ma'anar launin da ke gindin takardarsu, tun daga ja mai nuna haɗari mafi tsanani, da rawaya, da shuɗi. Ɗaya na uwa da mai jinya, mai sunayen watanni goma sha biyu, da kalmomin safe da dare, kafin abinci da bayansa, da adadin ƙwaya gwargwadon shekaru. Ɗaya na ɗan kasuwa, mai rasit da takardar ajiya da saƙon banki. Ɗaya na mai gyara, ko na babur, ko na waya, ko na injin ban ruwa. Mata masu sana'ar cikin gida, waɗanda ke sayen atamfa daga Kantin Kwari ta waya ba su taka Kano ba, su ma suna da nasu kalmomin da ya kamata a tattara.

Akwai wani ɗan abu da ya isa misali a kan irin kulawar da aikin ke so, shi ne waƙafi da ɗigo a cikin lissafi. A Faransanci, biyu da rabi ana rubuta shi 2,5. A Ingilishi ana rubuta shi 2.5, waƙafi kuwa aikinsa raba dubbai, ta yadda 2,500 ke nufin dubu biyu da ɗari biyar. Wanda ya ɗan taɓa lakwal ya fita, in ya ga wannan a rasit ko a jikin kwalba, yana iya karanta shi a juye, kuma kuskuren ba na kwabo ba ne, na ninki dubu ne. Ba littafin kwaleji da zai tsaya a kan wannan a darasin farko, domin ba ya cikin abin da ake tambaya a jarrabawa. A littafin manya kuwa, shafi na farko ya dace da shi.

Sharaɗi na uku, a tanadi abin da za a karanta bayan an tashi daga aji. Sana'a ita ke kawo mutum, amma daɗin labari shi ke riƙe shi. Ana bukatar gajerun labarai masu harshe biyu, Hausa a dama, Ingilishi mai sauƙi a hagu, waɗanda suka faru a tasha da rumfa da gona, da tarihin garuruwanmu, da labarin kokawa da ƙwallo. Ana bukatar ƙaramin ƙamus na aljihu. A nan ma ba daga fari za a soma ba. Tsakanin Hausa da Ingilishi akwai ƙamusai tun na Bargery na 1934, da na Skinner na 1965, da na Roxana Ma Newman na 1990, kamar yadda Abdu Mijingini ya yi mana na Hausa zuwa Faransanci. Waɗancan na malamai ne, sun yi wa aljihun talaka nauyi ta kowace fuska, amma rijiya ce da za a ɗebo kalmomi 1000 ko 1500 da suka fi yawo a kasuwa. Kuma tun taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 aka kusanta ƙa'idojin rubutun Hausa tsakanin ƙasashen biyu, saboda haka abin da aka buga a Zariya ko Kano yana karantuwa a Tasawa ba tare da wahala ba. Ya kamata a je a duba abin da hukumomin ilimin manya na can suka tanada, a ɗauki mai amfani, a gyara abin da bai dace da mu ba, tun da mai koyo na can yana jin Ingilishi a rediyo da ofis kullum, namu kuwa sai jifa-jifa.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ke kashe yawancin shawarwari masu kyau. Tun faɗuwar darajar sefa a Janairu na 1994 littafin da aka bugo daga waje ya fi ƙarfin talaka, kuma bai sauko ba. Littafin manya dole a buga shi a gida, a takarda mai araha, a sayar da shi a kuɗin da bai wuce na kwanon abinci a tasha ba. A sayar, ba a raba kyauta ba, domin abin da mutum ya sa kuɗinsa ya fi kula da shi, kuma cinikin ne zai sa a sake bugawa bayan masu ba da tallafi sun naɗe tabarmarsu. A kai shi inda mutane suke: teburin mai littattafan addini a bakin masallaci, da tashar mota, da kasuwar mako. Waya kuma ta kawo sauƙin da na da ba su samu ba. Kowane darasi ana iya ɗaukar muryarsa a tura ta WhatsApp ko a zuba a katin waya, mai koyo ya riƙa ji yana bin baƙaƙe da yatsa, ko da malami ba ya kusa. Gidajen rediyon karkara su ma suna iya karanta darasin sati da yamma. Amma murya abokiyar tafiyar takarda ce, ba magajiyarta ba, domin ranar da mutum zai tsaya gaban kwalba ko rasit, idonsa ne zai yi aiki.

Wa zai ɗauki wannan kaya? Masu iyawa suna nan. Akwai INDRAP da ta daɗe tana tsara littattafan makaranta, akwai cibiyar IFAENF mai horar da jami'an yaƙi da jahilci, akwai sassan Ingilishi da na nazarin harsuna a jami'o'inmu, akwai kuma malaman kwaleji da suka yi ritaya da ilimi cike da kai. Abin da ya kamata su soma yi ba zama a ofis ba ne. Su zagaya tashoshi da gareji da kantunan magani da rumfunan masu iri da taki, su tattaro takardun da ke yawo a hannun jama'a, su tambayi masu sana'a wace kalma ce ta taɓa jawo musu asara. Daga wannan tarin ne littafi zai fito. Ƙungiyoyin direbobi da na ƴan kasuwa, da alhazan Maraɗi da Ƙwanni da Damagaram waɗanda dukiyarsu ta ginu a kan wannan hanya, su ma da hakki a wuyansu, domin yaransu ne za su fara cin moriya. Aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a Fabrairu na 2021 ya isa tunatarwa cewa takardun Ingilishi ƙaruwa za su yi a ƙasar nan, ba raguwa ba.

Mun ga yadda Faransanci ya raba ƴan ƙasa gida biyu shekara da shekaru, ƴan ƙalilan masu karanta takarda, da jama'a masu dangwala yatsa a inda aka nuna musu. In aka bar Ingilishi a hannun ƴaƴan masu hali da makarantun kuɗi, katanga ta biyu za mu gina a bayan ta farko, kuma mutanen da aka bari a waje jiya su ne za a sake bari. Babba mai koyo ba ya neman zama lauya ko tafinta. Yana so ya karanta abin da zai sa wa hannu, ya san abin da zai ba ɗansa ya sha, ya gane abin da zai fesa wa abincin da mu duka za mu ci. Wannan bukata ba ta fi ƙarfin ƙasa ba. Masu ajin dare da malaman yaƙi da jahilci da ke bin wannan fili, muna jiran wasiƙunku a kan abin da kuke koyarwa da shi da abin da ɗalibanku ke tambaya. Sai wani satin, in Allah ya kai mu.